Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Darasin Kibod Daga Bodar Jibiya

 

Mun saba tattaunawa a kan jigo da salo da warwarar labari, amma da wuya mu tsaya mu yi maganar abin da yatsunmu suke taɓawa kullum kafin labarin ya fito, wato kibod, allon madannai na waya ko na kwamfuta. Yau shi za mu ɗauka, kuma daga Jibiya za mu fara, domin a can ne abin ya faru a kan idonmu.

Akwai wata 'yar uwarmu marubuciya a Jibiya, ba za mu kama sunanta ba. Littattafai biyu ta kammala a kan wata 'yar waya ta hannu mai madannai a jere irin na kwamfuta. Da manyan yatsunta biyu take bugawa, ba ta ko duban allon. Tana iya jijjiga yaro a baya tana rubutu, tana iya rubutu a cikin duhu in an ɗauke wuta, saboda yatsun sun haddace mazaunin kowane harafi kamar yadda ƙafa take haddace hanyar ɗaki. Wata rana a shekarar 2020, tana tsakiyar littafi na uku, madannin harafin "a" ya daina aiki. Duk wanda ya taɓa rubuta Hausa ya san ma'anar wannan. Harafin "a" ya mutu, rubutu ya mutu.

Ta aika ƙanenta kasuwa wajen mai gyara. Mai gyara ya juya wayar, ya ce da a da ne, da ya sa an zo masa da gawar irinta daga Maraɗi ya cire madannan ya sa mata. Amma a lokacin boda a rufe take, tun watan Agustan 2019 da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ta Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai watan Afrilun 2022. Ya ƙara da wata magana wadda ta fi ta farko ɗaci. Ya ce ko yau aka buɗe Magama, a gaya wa Hajiya ta haƙura, masu yin wannan waya sun daina yin ta, gawarwakin ma ƙarewa suke yi.

Ta koma wayar shafa, wadda ba ta da madanni ko ɗaya sai gilashi. Abin da take bugawa a awa ɗaya sai ya koma cin yini. Wayar tana "gyara" mata Hausa zuwa Turanci, ta rubuta abu ta ga wani abu daban. Babban yatsanta na dama ya fara ciwo daga gindinsa zuwa wuyan hannu. Masu karatunta suna ta tambayar ci gaba, wasu har da baƙar magana. Littafin ya tsaya.

Bayan an buɗe boda, yayanta ya tausaya mata ya sayo mata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu daga Maraɗi. Murna ta kama ta, domin ta ɗan koyi bugu a makaranta. Ta buɗe, ta ɗora yatsu, ta ce bari ta fara da "wata rana". Da ta ɗaga kai sai ta ga "zqtq rqnq". Ta goge ta sake, haka dai. Ta ɗauka an sayar wa yayanta da lalatacciya.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, daga Magama zuwa Ɗan Isa tafiyar 'yan mintuna ce, mutanen ɗaya ne, Hausar ɗaya ce, aure ya haɗa su, kasuwa ta haɗa su, amma kibod ɗinsu biyu ne. Wannan gefen ya gaji tsarin Turawan Ingila da Amurka wanda ake kira QWERTY, wancan gefen ya gaji na Faransa wanda ake kira AZERTY. Sunayen daga haruffa shida na farko a layin sama aka samo su. A tsarin Faransa, "a" da "q" sun yi musayar wuri, "w" da "z" ma haka, "m" ya tashi daga layin ƙasa ya koma gefen "l", lambobi kuma sai an haɗa da wani madanni kafin su fito. Iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata tsakanin Katsina da Maraɗi, ashe har ƙarƙashin yatsunmu ta biyo mu.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne, daɗin da muke ji a kan kowane kibod da muka saba da shi daɗin aro ne. Ba don hannun Bahaushe aka ƙera shi ba, ba a tambaye mu ranar da aka fara yin sa ba, ba kuma za a tambaye mu ranar da za a daina ba. Saboda haka marubucin da ya ɗaure rubutunsa a jikin na'ura guda ya ba wani kamfani a wata ƙasa ikon tsayar masa da alƙalami. Akwai abubuwan da za mu iya mallaka da kanmu, su ya kamata mu riƙe.

Ba mu kaɗai ake yi wa haka ba

Kada wani ya ɗauka talaucinmu ne kawai ya jawo. Daina ƙera abin da mutane suke so tsohuwar al'ada ce a wajen kamfanoni. Da yawanmu a kan Nokia muka fara rubuta saƙo. Nokia 1100 da ta fito a 2003 an sayar da sama da miliyan 200 nata a duniya, amma wannan bai hana kamfanin sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa a 2014 ba. BlackBerry, wadda aka fi yabo da daɗin madannai, ta sanar a 2016 cewa ta daina ƙera waya da kanta, sannan a ranar 4 ga Janairun 2022 ta rufe hidimomin da tsofaffin wayoyinta suke dogara da su. Har kibod ɗin da ba na taɓawa ba, na cikin waya, bai tsira ba. Swype, manhajar da ta koya wa mutane rubutu da jan yatsa a kan haruffa, an daina kula da ita a 2018.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu shi ne na kibod mai doro na Microsoft. Tun 1994 kamfanin ya fara fitar da kibod wanda aka raba haruffansa gida biyu, tsakiyarsa ta ɗan tashi. Dalilin wannan siffa a fili yake. Ka ɗora hannuwanka biyu a kan kibod miƙaƙƙe ka duba, za ka ga dole wuyan hannunka ya karkace waje kafin yatsun su daidaita da layi, tafin kuma ya kife gaba ɗaya. In aka raba allon biyu aka karkata kowane ɓangare, sai hannu ya zauna kusa da yadda yake zama in ka sake shi. Samfurin da ake kira 4000 ya fito a 2005, Sculpt ya biyo baya a 2013, kuma masu yini suna bugu a ofisoshi da dama sun ce da su suka samu sauƙin ciwon hannu. A 2023 Microsoft ya ce ya daina sayar da waɗannan kaya da sunansa. Masu amfani da su suka shiga neman ragowar da ke kasuwa suna ajiyewa. A farkon 2024 wani kamfani mai suna Incase ya sanar cewa ya karɓi izinin ci gaba da ƙera wasu daga cikinsu.

A nan ne bambancinmu da su yake. Su suna da kuɗi, suna da yawa a inda ake lissafi, kukansu ya isa kunnen wani ɗan kasuwa ya ga riba a ciki. Mu kayan da suka gama yayi a can su ne sababbi a wajenmu. Kafin waya ko kwamfuta ta bi ta Kwatano ta zo Maraɗi ta tsallako Jibiya ta shiga hannun marubuciya, sau da yawa an riga an daina yin ta. Tun ranar da muka fara sabawa da ita, kwanakinta a ƙirge suke. Ga kuma boda da ba ta da tabbas: an buɗe a 2022, an sake rufewa a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Wanda kayan aikinsa suka dogara da wannan hanya ya san zanen aro ba ya rufe katara.

Kibod ɗin da bai san Hausa ba

Ko da ba a daina ƙera komai ba, akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: daɗin da muke cewa muna ji, daɗi ne ko sabo ne? Hausawa dai sun ce sabo turken wawa.

Tsarin QWERTY ya samo asali ne daga tafiretar Christopher Latham Sholes, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Don Turanci aka yi shi. Mu kuwa harafin da ya fi kowane yawa a rubutunmu shi ne "a". Ku gwada da kanku: "barka da asuba" haruffa 12 ne, 5 daga ciki "a" ne. "Assalamu alaikum" haruffa 15 ne, 5 daga ciki "a" ne. To ina aka ajiye wannan harafi? A can ƙarshen hagu, ƙarƙashin ƙaramin yatsan hannun hagu, yatsan da ya fi kowane rauni. Shi muka ɗora wa aikin da ya fi kowane nauyi. A tsarin Faransa abin ya fi muni, domin "a" ya hau layin sama, sai ƙaramin yatsan ya riƙa miƙewa yana dawowa, yayin da "q", harafin da babu shi a abacadar Hausa, ya samu wurin zama a layin tsakiya inda yatsu suke hutawa.

Haruffa huɗu ne a kan kowane kibod waɗanda Hausa ba ta buƙatarsu sai in za a rubuta baƙon suna: p, q, v da x. Kowannensu yana da madanninsa shi kaɗai. Namu kuwa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su da ko ɗaya. A waya sai ka danne harafi ka jira kafin ɗan'uwansa mai lanƙwasa ya leƙo, in ma an sa shi. Wannan 'yar jira, in ka tara ta a littafi mai shafi 200, ba ƙaramin lokaci ba ce, kuma ba ƙaramar gajiya ba ce ga yatsa.

Matsalar ta girme mu. Kafin haruffa masu lanƙwasa su zauna, masu rubuta Hausa da boko wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu su sa alama a gabansa. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsayar da waɗannan da muke amfani da su, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 ta taimaka wajen saba wa mutane da su. Amma tafiretocin ofisoshi ba su da su, sai akawu ya gama bugawa ya bi da biro yana lanƙwasawa. A shekarun 1980 masana harshe, cikinsu har da Farfesa Kay Williamson, sun yi aiki a kan jerin haruffa guda da zai wadaci harsunan Nijeriya a kan tafireta. Kafin abin ya yaɗu, zamanin tafireta ya wuce.

Da wayar salula ta zo Nijeriya a 2001, sai ta ƙara mana wani dalilin. Madannan Nokia ba su san ƙ ba. Ko a wayoyin da suka zo daga baya masu iya fitar da shi, saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko ɗaya, sai ya koma 70. Rubuta Hausa daidai ya zama abin biyan ƙarin kuɗi. Daga nan muka koyi dabaru: wani ya rubuta "k'asa", wani "qasa", wani kawai "kasa" ya bar mai karatu da Allah. Yau muna ganin waɗannan a littattafan da ake rabawa a WhatsApp da Wattpad, muna zargin marubutan da lalaci ko jahilci. Gaskiya ita ce na'ura ce ta yi musu tarbiyya, su kuma suka ɗauka haka Hausa take.

Ga kuma wani rabuwar kai da boda ta haifar. An zauna a Bamako a 1966, an zauna a Yamai a 1980, duk don daidaita rubutun Hausa, amma har yau a Nijeriya muna rubuta 'ya'ya da alama a gaban "y", a Nijar kuwa ƙa'idarsu ita ce ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa. Marubucin Jibiya da na Ɗan Isa za su iya cin tuwo a kwano ɗaya, su tashi kowa ya rubuta kalma ɗaya da siffa daban a kan kibod daban.

Masu cewa ba komai

Mun san za a ce mana, ai labari shi ne gaba, mai karatu zai gane ko babu lanƙwasa. Akwai gaskiya a ciki. Sau da yawa jimla tana fayyace kanta, kuma mun karanta labarai masu ratsa zuciya da aka rubuta ba tare da lanƙwasa ko ɗaya ba. Amma ku duba "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa", "doki" da "ɗoki", "kasa" da "ƙasa", "bari" da "ɓari". Duk lokacin da mai karatu ya tsaya ya koma baya don ya tantance wanne ake nufi, ya fita daga cikin labarin. Ka sha wahala ka gina wurin da kake so ya yi hawaye, shi kuma yana can yana lissafin ko jarumin doki yake yi ko ɗoki. Sannan duk mai burin shiga gasa irin Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, ko kai littafinsa gaban malaman jami'a, ya san ƙa'idojin rubutu suna cikin abin da ake dubawa.

Za a kuma ce, wannan maganar masu kuɗi ce, mu da muke neman kuɗin data ina mu ina kibod mai doro? Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya saya ba. Mafi yawan abin da za mu ambata a ƙasa ba ya cin ko kwabo.

Akwai masu cewa haruffa masu lanƙwasa suna fitowa kamar akwati a wasu wayoyi, ko kuma in an nemi kalma a intanet da lanƙwasa ba a samun ta. A tsofaffin wayoyi hakan yana faruwa, ba mu musa ba. Amma yawancin wayoyin yanzu suna nuna su lafiya. Kuma injinan bincike da na fassara daga abin da muka rubuta suke koyon Hausa. In muka ci gaba da ba su gurguwa, gurguwa za su dawo mana da ita, su koya wa 'ya'yanmu.

Sai masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, a bar su da tsohuwar wayarsu. Ba mu raina wannan ƙauna. Wanda ya rubuta littafinsa na farko a kan wata na'ura, in ta mutu kamar ya rasa aboki ne. In kana da hali ka sayi ta biyu ka ajiye, babu laifi. Amma ka sani jinkiri ka saya. Batiri zai kumbura, manhajoji za su daina buɗewa, ranar rabuwa tana nan tafe.

Abin da yake namu

Mu koma ga 'yar uwarmu ta Jibiya. Wani yaro mai shagon buga takardu ne ya warware mata matsalar cikin minti biyar. Ya nuna mata cewa harafin da aka zana a kan madanni fenti ne kawai. Madanni ba ya aika harafi, lambar mazauninsa yake aikawa, kwamfuta ce take yanke hukuncin harafin da zai fito. Ya shiga saitin harshe ya mayar mata da tsarin da ta sani, ya kuma ƙara mata na Hausa, wanda yake cikin Windows tun da daɗewa ba tare da yawancinmu mun sani ba. Ta yanka 'yan takardu ta manna a kan madannan da suka sauya. Bayan 'yan makonni ta daina duban su. Littafi na uku ya fito.

Wannan shi ne guntun gatarin namu. Ƙarfe da roba na kamfani ne, amma tsarin haruffa abu ne da za ka iya ɗauka daga wannan na'ura zuwa waccan. Saboda haka ga shawarwarinmu.

Na farko, kowa ya sa kibod ɗin Hausa a wayarsa yau, kada ya bari sai gobe. Gboard yana da Hausa, SwiftKey ma yana da ita, kuma kyauta ne. Da zarar ka zaɓi Hausa, wayar za ta rage mayar maka da kalmomi Turanci, haruffa masu lanƙwasa kuma za su zo kusa. A kwamfuta a duba saitin harshe, ko a sauke Keyman, wadda ita ma kyauta ce. Makon farko zai yi wuya, saurinka zai ragu, za ka ji kamar ka koma. Ka daure.

Na biyu, mu koyi bugu da yatsu goma a kan tsari guda. Wanda ya iya wannan, duk kwamfutar da ta zo hannunsa, ta Kano ce ko ta Maraɗi, saiti kawai zai sauya ya ci gaba. Ƙaramin kibod na waje da ake haɗawa da waya, ko na hannu ne, yana sauke wa manyan yatsu biyu nauyin da ya kamata yatsu goma su raba. Ga mai rubuta dogon labari a waya, muna ganin ya fi sabon kwalin waya ko abin jin kiɗa amfani.

Na uku, mu ji tausayin jikinmu, domin hannu ba shi da kayan gyara a kowace kasuwa. Akwai jijiyar da take bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu, in aka daɗe ana lanƙwasa wurin sai matsi ya ƙaru a kanta. Alamar da aka fi sani ita ce babban yatsa da biyun da ke biye da shi su riƙa mutuwa ko tsikari, musamman da dare. Jijiyoyin gindin babban yatsa su ma suna kumbura in aiki ya yi musu yawa. Da yawanmu a kwance muke rubutu, waya a sama, wuya a lanƙwashe, har awa uku ba motsi. A zauna, a jingina baya, a bar wuyan hannu a miƙe, a ɗaga allon kusa da saitin ido. Mai kwamfuta a kan tabarma ya samu ɗan teburi ko kujera 'yar tsugunne ya ɗora ta. A riƙa tashi ana miƙe hannu bayan kowane ɗan lokaci. In ciwo ya wuce 'yan kwanaki ko yatsu suka fara mutuwa, a je asibiti, kada a tsaya shafa man zafi ana ci gaba da bugu don masu karatu suna jira. Mai karatun da yake zagin ki yau saboda ba ki saki shafi ba, ba shi zai riƙe miki cokali ba in hannun ya ƙi.

Na huɗu, kada rubutunka ya kwana a wuri ɗaya. 'Yar uwarmu ta yi sa'a madanni ne ya mutu, da allon ne ya fashe da littafin ya tafi. A ajiye kwafi a waya, a tura wa kai ta imel, a sa wani a katin ajiya. Kada a ce ai yana intanet, domin mutanen Jibiya ba su manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, tasu tana ciki, aka yi watanni ba sabis. Kada kuma a ce ai yana kan manhajar sayar da littattafai, domin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Wanda ba shi da kwafi a hannunsa ya san yadda ya ji.

Na biyar ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Muna ganin lokaci ya yi da za a samu tsarin kibod guda na Hausa wanda Nijeriya da Nijar za su amince da shi, inda ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne zai fito da dannawa ɗaya, a mazauni ɗaya, a waya da kwamfuta. Wannan ba ya buƙatar masana'anta. Zama yake buƙata, da yarjejeniya, da wanda zai rubuta ɗan fayil a raba kyauta. Akwai masana a Jami'ar Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, akwai su a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ta Abdu Mumuni a Yamai. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In har za a aiwatar da wannan a ofisoshi da makarantu, dubban mutane za su zauna buga Hausa a kan AZERTY, kuma in ba a ba su tsari ba kowa zai ƙirƙiro dabararsa kamar yadda muka ƙirƙiro "qasa". Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya don kaya su riƙa wucewa. Haɗa kibod biyu ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuma kada mu ce sai manya sun yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin jami'a yana iya rubuta maƙala biyu a shekara, amma marubuciyar da take sakin shafi kullum ita ta san harafin da yake gajiyar da yatsa. Mu ne ya kamata mu fara rubuta ƙorafin, mu kai wa ƙungiyoyinmu na marubuta, mu sa shi cikin abin da za a tattauna a Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, maimakon a tsaya a kan karin magana da hotunan kayan gargajiya kawai.

Kafin mu rufe, ga ɗan aikin wannan mako. Kowa ya ɗauko sakin layi ɗaya daga rubutunsa na baya, ya sake buga shi da cikakkun haruffa masu lanƙwasa, ya lura da minti nawa ya ci da kuma yatsan da ya fara gajiya. Sannan ya faɗa mana da wace na'ura yake rubutu, da abin da zai yi in ta mutu gobe da safe. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, muna son jin yadda kuke fama da AZERTY, da inda kuke samo ƴ. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da Jibiya da sauran garuruwanmu na iyaka lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.